Garin Neman Rama Kada A Samo Ciwo

Masu iya magana sun ce garin neman ƙiba akan samo rama. Da waɗanda suka yi wannan karin magana za su dawo duniya su zaga unguwannin Hausawa na Ikko da Badun da Fatakwal, da sun tarar zance ya juya, domin kuwa yau rama ake nema ido rufe, har ana biyan kuɗi a saye ta. A tashar mota, da cikin bas, da bakin kasuwa, da cikin wayar hannu, ko'ina mai talla ne ke ɗaga kwali yana rantsuwa cewa shayinsa zai narkar da tumbi cikin kwana bakwai. A gefe guda kuma ga 'yan ƙwayoyi farare masu zaƙi, ga lemon kwalba da aka rubuta wa babu sukari, ana gaya wa mutum ya sha zaƙi iyakar son ransa ba abin da zai same shi.

Abin mamaki, sau da yawa teburin da ake sayar da shayin rage ƙiba shi ne dai teburin da ake sayar da ƙwayar nan da mata suka laƙaba wa suna sha-ka-fashe. Mai teburin bai damu da wanda ya zo ba. In mai son ƙiba ne akwai nasa, in mai son rama ne akwai nasa, shi dai a ajiye kuɗi.

Maganar da ya kamata a faɗa a fili ita ce, waɗannan hajoji biyu duk yanke ne ake son a yi wa hanyar da ba ta da yanke. Ramar gaggawa yaudara ce, wani lokaci ma halaka ce. Shi kuwa zaƙin da ba sukari ba, bai kai guba ba kamar yadda masu jita-jita ke yayatawa, bai kuma kai magani ba kamar yadda masu talla ke kururutawa. Ga dalilai.

INDA ƘIBAR TA FITO

Wanda ya taso a ƙauyen Katsina ko Sakkwato ko Haɗeja ya san irin aikin da jikinsa ya saba da shi. Da damina yana gona tun asuba da fartanya, da rani yana tafiya kasuwannin ƙauye a ƙasa ko a kan keke, abincinsa kuwa tuwon dawa ne da miyar kuka, da fura, da ɗanwake. To, sai ga shi ya sauka Kurmi. In ɗan canji ne yana zaune a benci tun safe har magariba. In direban babbar mota ne yana kan kujera daga Apapa har Kano. In mai shago ne ko mai gadi, tafiyarsa ba ta wuce daga tabarma zuwa masallaci. Ban da masu dako a kasuwar Mile 12 da masu tura ruwa da ire-irensu, akasarin sana'o'in birni na zama ne.

Abinci kuma ya sake. Da safe shayi ne da burodi, da rana shinkafa da mai, da dare taliyar 'yan yara da ƙwai wajen mai shayi, a tsakani kuma lemon kwalba mai sanyi don maganin zafin gari. Matan aure da ke zaune a ɗaki ɗaya a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Shagamu, ba daka, ba surfe, ba ɗiban ruwa daga rijiya mai nisa, su ma haka abin yake a wurinsu.

A cikin shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da baligi zai sha a yini kada ya wuce kamar giram 50, watau cokalin shayi 12, in ma da hali ya tsaya a giram 25, watau cokali 6. Mutumin da ke jefa ƙwayar sukari huɗu a kofi, ya kuma sha shayi sau uku a yini, ya riga ya cika mudunsa tun bai taɓa lemo ba. Ita kuwa kwalbar lemo ta rabin lita, irin mai cikakken sukari, ita kaɗai takan ɗauki kusan giram 50 ko fiye. Haka tumbi ke taruwa, cokali bayan cokali, shekara da shekaru. Da can in mutum ya koma gida da shi sai a ce Alhaji ya samu hutu. Yanzu da ciwon sukari da hawan jini suka shiga gidaje da yawa, jama'a sun fara gane cewa wannan hutu yana da farashi. Wannan farkawa abin yabo ce. Inda gizo ke saƙa shi ne gaggawa.

ABIN DA SIKELI BA YA FAƊA

Yawanci buƙatar rama takan taso ne da rana tsayayya. Salla ta matso za a tafi gida, ko bikin ƙanwa saura mako biyu, ko an ɗinka sabon kaya ya ƙi shiga. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mai talla zai ce ana fafewa, kuma abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne sikeli yakan goyi bayansa a makon farko.

Asirin abin kuwa ruwa ne. Jikin ɗan Adam yana ajiye wani irin sitaci a hanta da tsoka, kamar rabin kilo, don biyan buƙatar gaggawa, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da kamar giram uku na ruwa. Da zarar mutum ya daina cin tuwo da shinkafa da burodi, jiki zai fara cin wannan ajiya, ruwan da ke tare da ita kuma ya fita ta fitsari. A haɗa da ragowar abincin da ke cikin hanji, sai a ga kilo biyu sun tafi cikin 'yan kwanaki. Ranar da aka koma cin abinci ajiyar za ta dawo da ruwanta, sikeli ya koma inda yake.

Kitse kuwa lissafinsa daban ne. Masana abinci suna auna ƙarfin da abinci ke bai wa jiki da wani ma'auni da ake kira kalori. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori wajen 7,700. Namiji baligi mai matsakaicin aiki yakan ƙona wajen 2,500 a yini, watau 17,500 a mako. Wanda ya yi alkawarin zubar da kilo biyar na kitse a mako ɗaya yana maganar kalori 38,500 ne, fiye da ninki biyu na abin da jiki zai ƙona ko da mutum bai sa komai a bakinsa ba har kwana bakwai. Wannan lissafi ɗan firamare ma zai iya yin sa, kuma ya isa ya rufe bakin mai kwali. Shi ya sa likitoci ke cewa ramar da ke ɗorewa ita ce ta rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako.

To, mene ne a cikin shayin? Da yawa daga cikin irin waɗannan shayi ganyen filasko ne ko danginsa, wanda kowace tsohuwa a ƙasar Hausa ta san maganin wankin ciki ne. Gudawa yake sawa, ba ya taɓa kitse, domin kafin abinci ya isa inda filasko ke aiki jiki ya riga ya tsotse amfaninsa. Abin da ake asara shi ne ruwa da gishirin jiki, musamman wanda ake kira fotasiyam, wanda zuciya ke buƙata don ta buga daidai. A zafin Ikko, ga gumi ga gudawa, ƙoda ce ke shan wahala. Wasu kuma ana zuba musu maganin sa fitsari. Mafi muni su ne waɗanda ake ɓoye musu maganin asibiti a ciki alhali an rubuta ganye ne zalla. Akwai wani magani mai suna sibutramine da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a shekarar 2010 bayan an ga yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma hukumomin magunguna na ƙasashe da dama sun sha kama shi a ɓoye cikin kofi da shayi da ƙwayoyin rage ƙiba. Mai hawan jini da bai san yana da shi ba, in ya sha irin wannan, da ransa yake caca.

JIKI YANA RAMAWA

Ko da ba a sha komai ba, horon yunwa kaɗai yana da nasa sharri. Idan abinci ya yanke ƙwarai, jiki ba kitse kaɗai yake ci ba, har da tsoka, ita kuwa tsoka ita ce jarin mai neman abinci da ƙarfinsa. Ramar sauri kuma sananniyar hanya ce ta samun tsakuwa a matsarmama, ciwon da kan kai mutum ga wuƙar likita.

An daɗe da sanin yadda jiki ke kare kansa. A tsakanin 1944 da 1945, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, wani masani mai suna Ancel Keys ya gwada yunwa a kan samari 36 da suka ba da kansu. Wata shida ana ba su kamar rabin abincin da suka saba ci, har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Suka zama masu kasala da saurin fushi da jin sanyi, ba abin da ke ransu dare da rana sai abinci. Da aka sakar musu mara suka ci kamar ba gobe, har da yawansu suka tara kitsen da ya fi na farko.

A shekarar 2016 kuma aka buga sakamakon bin sawun mutum 14 da suka shiga wata gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka, inda suka zubar da kilo masu yawa cikin 'yan watanni. Bayan shekara shida akasarinsu sun mayar da mafi yawan nauyin, jikinsu kuma yana ƙona kalori wajen 500 a yini ƙasa da yadda ya kamata ga masu girmansu. Watau jiki ya ɗauki ramar gaggawa tamkar fari ne ya sauka, sai ya ƙulle rumbu ya rage awo. Su waɗannan da likitoci da masu horarwa a kansu ke nan, balle wanda ya dogara ga mai talla a cikin bas.

Har alluran zamani irin su semaglutide, waɗanda lalle suna rage ƙiba, magani ne na likita, kuma bincike ya nuna waɗanda suka daina sukan mayar da wajen kashi biyu cikin uku na abin da suka zubar cikin shekara guda. A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an kama na jabu a wasu ƙasashe. Wanda ya saye su a hannun ɗan kasuwa bai san abin da ya tsira wa kansa ba.

TARIHIN ZAƘIN ARO

Sakarin, wanda masu zoɓo da ƙanƙara suka sani sarai, ya girmi kowa a wannan fage. A shekarar 1879 wani masanin haɗa sinadarai mai suna Constantin Fahlberg ya gano shi a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, yana cikin aiki a kan sinadaran da ake samu daga kwaltar kwal. Ya fi sukari zaƙi sau ɗari uku ko fiye, jiki kuma ba ya samun ƙarfin komai daga gare shi, yadda ya shiga haka yake fita ta fitsari. Ƙarancin sukari a lokacin Yaƙin Duniya na Farko shi ya yaɗa shi. Bayansa aka gano cyclamate a 1937, da aspartame a 1965, da sucralose a 1976. Aspartame ya fi sukari zaƙi wajen sau 200, sucralose kuwa wajen sau 600. Akwai kuma stevia, wadda ake tatsa daga ganyen wani tsiro na ƙasar Faragwai da ke Kudancin Amurka.

Tun farkonsu tsoro ke biye da su. A 1969 Amurka ta ba da sanarwar hana cyclamate saboda gwajin da aka yi a kan ɓeraye, alhali ƙasashen Turai da wasu da yawa sun halatta shi. A 1977 wani bincike a Kanada ya nuna ɓerayen da aka ɗura wa sakarin mai ɗimbin yawa sun kamu da ciwon daji na mafitsara. Hukumar abinci ta Amurka ta so ta hana shi, jama'a suka yi ca, sai majalisar dokokin ƙasar ta ce a bar shi amma a rubuta gargaɗi a jikin kwali. Daga baya aka gano cewa fitsarin ɓera ya sha bamban da na mutum, kuma hanyar da ciwon ke bi a jikin ɓera ba ta aiki a jikin ɗan Adam. A shekarar 2000 aka cire sakarin daga jerin abubuwan da ake zargi, aka kuma soke gargaɗin.

A watan Yuli na 2023 hayaniya ta sake tashi, lokacin da cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aspartame a rukunin abubuwan da mai yiwuwa su jawo ciwon. Wannan rukuni shi ne mataki na uku, inda ake ajiye abin da hujjarsa ba ta yi ƙarfi ba, nesa da matakin farko inda taba take. A rana guda kuma kwamitin masana na hukumar da ke tsayar da awo ya bar iyakar da aka sani, watau miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum a yini. Mai nauyin kilo 70 sai ya sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 na lemo kullum kafin ya haura wannan iyaka. Waɗanda aka hana wa aspartame ɗungum su ne masu wata cuta ta gado da ba ta da yawa, wadda ke hana jiki sarrafa sinadarin fenilalanin, shi ya sa ake rubuta sunansa a jikin kwalba.

Saboda haka mai cewa kwalba ɗaya ta irin wannan lemo za ta sa wa mutum ciwon daji ya wuce gona da iri. Sai dai tsira daga zargin kisa ba shi ne samun lambar yabo ba.

SHIN YANA RAGE ƘIBA?

Tambayar da ta fi shafar mai tumbi ita ce ko wannan zaƙi yana biyan buƙatar da aka saye shi dominta. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da amsa, ta ce kada a dogara da shi don rage ƙiba. Da ta tattara binciken da aka yi, ta ga gwaje-gwaje na gajeren lokaci sun nuna ɗan ragi kaɗan a nauyi, amma ba a ga amfani mai ɗorewa ba, waɗanda aka bi sawunsu shekaru kuwa an ga masu yawan shan sa sun fi kamuwa da ciwon sukari da ciwon zuciya. Wani babban bincike a Faransa da ya ƙunshi mutum fiye da 100,000, wanda aka buga a 2022, shi ma ya ga irin wannan alaƙa da ciwon zuciya da na jijiyoyin jini.

Adalci ya wajaba a nan. Masu kare wannan zaƙi suna cewa, kuma da gaskiyarsu, ganin abu biyu tare ba ya nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya. Sau da yawa wanda ƙiba ta riga ta kama, ko likita ya riga ya tsorata shi, shi ne ke komawa lemon da ba sukari, don haka ba mamaki a tarar da ciwo a cikinsu. Hukumar da kanta ta yarda da haka, shi ya sa ta kira shawararta mai sharaɗi, ta kuma ce ba ta shafi waɗanda suka riga suka kamu da ciwon sukari ba. Mai ciwon sukari da ya kasa rabuwa da shayi mai zaƙi, 'yar ƙwaya ɗaya a kofinsa ta fi masa ƙwayar sukari huɗu, in likitansa ya amince. Haka nan wanda ke shan kwalba uku ta lemo mai sukari kullum, in ya koma marar sukari a matsayin matakalar sauka, ya rage wa kansa kaya.

Duk da haka akwai dalilan yin hattara. Na farko halin ɗan Adam ne, domin wanda ya sha lemo marar sukari yakan ji ya yi abin kirki, sai ya saka wa kansa da ƙarin malmalar tuwo ko tsire da dare. Na biyu, harshen da ya saba da zaƙi mai tsanani ba ya daina nema, ƙishirwar tana nan ba ta mutu ba. Na uku, binciken da aka yi a Cibiyar Weizmann, a kan ɓeraye a 2014 da kuma a kan mutane a 2022, ya nuna sakarin da sucralose suna iya sauya ƙananan halittun da ke zaune cikin hanji, har su taɓa yadda jikin wasu mutane ke sarrafa sukari. A 2023 kuma likitocin asibitin Cleveland na Amurka suka ba da rahoton alaƙa tsakanin yawan erythritol a jini da daskarewar jini. Waɗannan ba hukuncin ƙarshe ba ne, amma sun isa su hana mai hankali ɗaukar abin tamkar ruwan sha.

NA KWALBA DA NA ƘULLI

Duk wannan muhawara ta Turai a kan abin da aka auna ne a masana'anta aka rubuta a jikin kwalba. Matsalar unguwannin talakawa ta fi wannan kusa. Da sukari ya yi tsada, masu zoɓo da kunun zaƙi da ƙanƙara da yawa sun koma sakarin na ƙulli, wanda ake ɗiba da yatsa a watsa a bokiti. Su ba don rage wa kowa ƙiba suke yi ba, don rage asara ne, kuma duk wanda ya san yadda ribar ƙaramar sana'a take ba zai yi saurin zagin su ba. A shekarar 2024 hukumar NAFDAC ta gargaɗi masu gidajen burodi a kan zuba sakarin a madadin sukari.

Iyakar da kwamitin masanan nan ya tsayar wa sakarin ita ce miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin mutum a yini. Ga baligi mai kilo 60 wannan miligiram 300 ne. Ga yaro mai kilo 20 kuwa miligiram 100 ne kacal, watau kashi ɗaya cikin goma na giram, abin da bai cika tsinin cokali ba. Yara su ne manyan masu sayen ƙanƙara da zoɓo a ƙofar makaranta, kuma yatsa ba sikeli ba ne. Alamarsa ba ta ɓuya, wani ɗaci-ɗaci ne kamar na ƙarfe da ke maƙalewa a maƙogwaro bayan zaƙin ya wuce. Uwa ta ɗanɗana abin da ɗanta ke saye.

A nan hukuma ke da aiki. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin Naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi. Irin wannan kuɗi hakkinsa ne a gan shi a asibitocin unguwa, wajen gwajin sukari da awon jini kyauta, da wayar da kan masu ƙananan sana'o'i a harshen da suke ji. Kama mai zoɓo a zubar mata da bokiti ba ya koya mata awo.

Masu gudun sukari su koma zuma ko sukarin rake mai ruwan ƙasa ko mazarƙwaila su ma an gudu ba a tsira ba, domin a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse duk cikin giram 50 ɗin nan suke. Dabino abinci ne mai albarka, amma uku daban, cin faranti daban.

HANYAR DA TA ƁULLE

Akwai hanyar da aka gwada aka ga amfaninta, sai dai ba ta da kwali mai ƙyalli. A shekarar 2002 aka buga sakamakon wani babban gwaji a Amurka a kan mutum fiye da 3,000 da ke bakin kamuwa da ciwon sukari. Aka nemi wani rukuni su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu a hankali, su kuma motsa jiki minti 150 a mako, yawanci tafiya ce da sauri. Cikin wajen shekara uku haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari, fiye da na waɗanda aka ba ƙwayar magani. Ga mai kilo 90, kashi 7 ɗin nan kilo shida ne da 'yan kai, minti 150 kuwa rabin awa ne sau biyar a mako.

Mai shan shayi da ƙwaya huɗu ya koma uku na mako biyu, sa'an nan biyu, sa'an nan ɗaya, harshe zai saba tun bai ankara ba. Mai shan kwalbar lemo kullum ya mayar da ita ta ranar Juma'a, ya riƙe ruwa sauran kwanaki, wannan kaɗai ya rage masa kalori wajen 200 a yini. A rage malmala a ƙara miyar ganye, a koma ga wake da dawa da gero da zogale, waɗanda duk ana samun su a kasuwannin Kurmi, 'yan Arewa ne ma ke kawo su. A sauka daga mota saura tasha ɗaya a ƙarasa da ƙafa. Mai son ya san matsayinsa ba sai ya sayi sikeli ba, ya sami igiya ya auna tsawonsa, ya ninka ta biyu ya zagaya cikinsa da ita daidai saman cibiya, in ba ta haɗu ba akwai aiki a gabansa. Da azumi ma, wanda ya buɗe baki da jarkar zoɓo mai sukari da tulin soye-soye ya mayar da abin da ya zubar da rana tun kafin a kira isha'i.

Gargaɗi ɗaya ya rage, kuma shi ne mafi nauyi. Wanda ya ga yana ramewa alhali bai rage ci ba, kada ya yi murna. Rama ba dalili, da yawan ƙishirwa da yawan fitsari, alamun ciwon sukari ne, in kuwa da tari da gumin dare tana iya zama tarin fuka. Asibiti ne wurinsa, tun da wuri. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai shan maganin sukari ko na hawan jini, kada ɗayansu ya shiga horon abinci sai da sanin likita.

Sarakunan Hausawa na Sabo-Sabo, da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa, da limamai, suna da bakin da ake ji. Gayyato ma'aikacin lafiya sau ɗaya a wata ya auna jinin jama'a bayan sallar Juma'a bai kai kuɗin ɗaukar mutum ɗaya a mota a kai shi gida da shanyayyen ɓarin jiki ba. Wanda ya bar iyaye da 'ya'ya a Arewa ya zo neman halaliya, jikinsa shi ne jarinsa, bakuna da yawa kuma suna jiran abin da zai aiko. Tumbin da aka yi shekara goma ana tarawa ba zai tafi don biki ya matso ba, amma zai tafi in an bi shi a hankali. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya ba da lafiya da zama lafiya, amin.